Ku Sha Gahawarku

An yi wani mutum a nan kudancin ƙasarmu ta Jodan, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa mata suna raye kuma ba su da laifin komai. Shi ne shugaban sashen kula da ɗalibai a wata kwalejin al'umma, irin wadda yaranmu ke zuwa su yi shekara biyu su fito da difloma ta aikin jinya ko ta lantarki. Ɗakunan kwanan ɗalibai a hannunsa suke. Motocin da ke kwaso su daga ƙauyuka a hannunsa suke. Shi ne kuma shugaban kwamitin ladabtarwa, in yaro ya yi laifi bakinsa ne ke cewa a kora ko a bari. Ustaz kowa ke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Kada ku ɗauka ɓarawo ne. Bai taɓa karɓar ko ƙirshi ɗaya daga hannun uban wani yaro ba, kuma a sahun gaba yake salla. Ciwonsa ɗaya ne, son girma. Yana so in ya shiga zauren dangi a miƙe masa, a zaunar da shi kusa da dattawa, a fara ajiye tiren mansaf, shinkafa da naman rago, a gabansa. Kuma yana da ɗa namiji tilo a cikin 'ya'ya mata, sunansa Uwais, yana karatun jinya a wannan kwalejin. Ustaz yakan ce duk sunan da yake tarawa saboda wannan yaron yake tara shi.

Kun san yadda muke yi. In tawagar dattawa ta je neman alfarma, aka zuba musu gahawa, sai babbansu ya ajiye finjalinsa, ba zai kai shi baki ba har sai mai gida ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." Al'ada ce mai kyau. Da ita muke neman aure, da ita muke sasanta maƙwabta. Amma wa ya ce a ɗauke ta a kai ta ofishin da ake yanke wa 'ya'yan mutane hukunci?

Abin ya fara ne da wani yaro da aka kama yana satar amsa a jarrabawa. Washegari kakansa ya zo da dattawan gidansu cike da mota, suka zauna a ofis, aka zuba gahawa, tsohon ya ajiye finjali a kan tebur ya naɗe hannu. Ustaz ya dubi waɗannan fararen gemu duk sun zuba masa ido suna jiran bakinsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ku sha gahawarku." Suka sha, suka sa masa albarka, suka sumbaci goshinsa. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa ji ba ko a ranar albashi. A makon nan ya sayo butar gahawa ta tagulla da finjalai sababbi ya ajiye a ofis.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wanda ya zagi malama, a sha gahawa. Wanda ya fasa gilashin ɗakin karatu, a sha gahawa. Yaron da ya yi irin wannan laifin amma ubansa ba shi da dangin da za su cika mota, shi kuma sai a ɗauko masa dokar kwaleji a karanta masa ita baƙi da wasali, a raka shi bakin ƙofa.

Wata rana suna komawa gida a mota, Uwais ya ce, "Baba, ka san abin da yara ke kiran ofishinka?"

"Me suke kiransa?"

"Shagon gahawa. Wai in ka yi laifi kada ka nemi uzuri, kakanka za ka nemo."

Ustaz ya yi dariya har da buga sitiyari. Ya ce, "Ka bar su su faɗa. Ran da na mutu za ka ga amfaninsa, duk gidan da ka shiga a lardin nan sai an tashi an ba ka wuri."

Ana nan sai ɗan wansa ya shigo kwalejin. Sunansa Mijhim, ƙato ne mai faɗin ƙirji, ba karatu ya kawo shi ba. Ya san ofishin wa ke sama, saboda haka ya shiga cin karensa babu babbaka. Kujerar gaba a motar ɗalibai tasa ce ko bai zo ba. In wani ya dube shi sau biyu, sai ya ɗaga murya ya kira sunan dangi, nan take 'yan uwansa su yo caa daga kowane aji, ba mai tambayar me ya faru. Wannan ita ce faz'ar da samarinmu ke alfahari da ita, a taya ɗan dangi duka tukuna, a ji dalili daga baya.

Akwai wani ɗalibin lantarki mai suna Hammam, ɗan wani tsohon soja da ya zo garin da aiki ya zauna, ba shi da kowa a nan. Wata safiya motar ta cika, ƙafarsa kuma na ciwo, sai ya zauna a kujerar gaba. Mijhim ya hau ya tsaya a kansa.

"Kai, baƙo, ubanka ne ya sayi motar?"

Hammam ya ce, "Ba ubana ba ne, ba kuma naka ba. Ta kwaleji ce."

Ba a bari motar ta shiga harabar kwaleji ba. A bakin ƙofa suka jawo shi ƙasa kamar buhu. Suka zare bel, suka yi ta tsula masa da ɓangaren ƙarfen. Ya faɗi, suka bi shi da takalmi a ciki da haƙarƙari. Ya rufe fuska da hannu, Mijhim ya ɗauko ƙarfen canza taya daga ƙarƙashin kujerar direba, ya karya hannun, sannan ya sake ɗagawa ya sauke masa a fuska. 'Yan mata na ihu, maza sun ja da baya. Da aka ɗaga Hammam, haƙoransa na zube a kan kwalta, idonsa na hagu kuma ya tsiyaye a kan kumatunsa.

Kafin azahar wan Ustaz, Abu Mijhim, wato uban Mijhim, ya iso da maza har sun cika ofis sun malala zuwa baranda. Aka zuba gahawa, aka ajiye finjalai.

Abu Mijhim ya ce, "Yara ne suka yi wasansu, hannu ya zarce. Ka sha da dattawan wasu, yau ga na gidanku. Ko mu ne za mu fita da ƙishirwa?"

Ustaz ya san abin da ya faru, direba ya faɗa masa tun da safe. Ya dubi fuskokin baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku sha gahawarku."

Da yamma Uwais ya same shi a tsakar gida, idonsa jajur. Ya ce, "Baba, ina cikin motar. Na ga hannun da ya ɗaga ƙarfen. Gobe zan faɗa wa kwamiti."

Ustaz ya wanka masa mari, marin da bai taɓa yi masa ba tun yana yaro. Ya ce, "Ɗan baffan naka za ka tona? Ni na ce a sha, kai ka zo ka zubar? Wallahi in ka buɗe baki a kan maganar nan ban yafe maka ba."

Yaron ya riƙe kuncinsa ya shige ɗaki. Ya ji tsoron fushin uba, bai je ba. Sauran waɗanda suka gani kuwa, an riga an ziyarci gidajensu an gaishe da iyayensu.

Kwamiti ya zauna. Ustaz da bakinsa ya faɗi abin da za a rubuta: faɗan taro ne, ba a gane hannun kowa ba. Da 'yan sanda suka nemi bayanin kwaleji, wannan maganar aka ba su. Mijhim ya samu gargaɗi. Hammam, da ke kwance a asibiti an ɗaure muƙamuƙinsa da wayar ƙarfe, aka dakatar da shi shekara guda, wai shi ya tsokano rigima.

Ya 'yan uwa, wane irin barci mutum zai yi bayan wannan? To, Ustaz ya yi barcinsa har da minshari.

Bayan 'yan kwanaki uban yaron ya zo, Abu Hammam, shi kaɗai, da tsohuwar kwat ɗinsa ta soja. Ba tawaga, ba mota. Masinja ya zuba masa gahawa kamar yadda ake yi wa kowa. Tsohon ya karɓa, ya ajiye finjalin a kan tebur, ya naɗe hannu yadda ya ga manya na yi.

Ya ce, "Ustaz, ba ni da dattawan da zan kawo maka, ni ne dattijon, ni ne tawagar. Ido ya tafi, ba zai dawo ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada a ce ɗana ne mai laifi. Ka bar shi ya gama karatunsa."

Ustaz ya ci gaba da juya takardun gabansa. Ya ce, "Baba, nan ofishin gwamnati ne, ba zaure ba. Doka muke bi. Ka sha ko kada ka sha, hukunci ya riga ya fita."

Kun ji fa! Yau ofishin ya tuna shi ofishin gwamnati ne. Tsohon ya zauna har tururin gahawar ya ɗauke. Sannan ya miƙe ya ce, "To, na bar maka ita a nan." Ya fita. Ustaz ya ce wa masinja ya zubar ya wanke finjalin.

Yaron da ya cire wa mutum ido aka ce masa kada ya sake, me kuke tsammanin ya koya? Mijhim ya koyi cewa babu abin da gahawa ba ta wankewa. Ba a jima ba masu gadin ƙofa suka kama shi da wuƙar ɗamara a cikin riga, suka ƙwace, suka kai ta ofishin Ustaz. Da rana Mijhim ya hau sama yana murmushi.

"Baffa, wuƙar kakanmu ce fa. Za ka bar ta ta kwana a hannun masu gadi?"

Ustaz ya jawo aljihun tebur, ya miƙa masa ita da hannunsa. Ya ce, "Ka dai riƙa ɓoye ta da kyau, kada ka ja min surutu."

Sai ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta zo. Kun san zaɓen yaranmu, ba ɗalibi ake zaɓa ba, dangi ake aunawa. Ɗan takarar da ke gaba shi ne Rakan, ɗan babban gida daga dangin da suka fi kowa yawa da bindiga a lardin. Da hantsi aka fara kirari a gaban ɗakin cin abinci, waɗannan na kiran sunan kakansu, waɗancan na kiran nasu. Daga kirari aka koma zagi, daga zagi aka koma jifa da kujeru. Mijhim ya kutsa cikin taron, ya ci kwalar Rakan, ya zare wuƙar nan ya soka masa a ƙarƙashin haƙarƙari, ya murɗa, ya zare. Rakan ya durƙusa yana kallon hannunsa. Mijhim ya tsallake katangar baya ya gudu, 'yan uwansa suka bi shi.

Mutum ɗaya daga cikin dangin bai gudu ba. Uwais ɗalibin jinya ne, ya ga jini na tsartuwa, sai ya cire rigarsa ya durƙusa ya danne raunin da hannu biyu yana ihu a kira motar asibiti. Yana nan durƙushe har Rakan ya cika a hannunsa.

Amma waya ta riga motar asibiti. An kira faz'a, an ce dangin wane sun kashe Rakan. Motoci a-kori-kura suka shigo cike da maza, da kulake da sarƙoƙi da bindigogi, suka banke ƙofar kwaleji suka wuce. Me suka tarar? Ɗansu kwance ba rai, a kansa kuma ga ɗan baffan Mijhim, ba riga, jini har gwiwar hannu.

'Yan mata suka yi ta ihu, "Ba shi ba ne! Taimakonsa yake yi!" Wa zai ji? Ai faz'a ce, duka tukuna, dalili daga baya.

Ustaz yana sama. Masu gadi sun kulle ƙofar ƙarfen benen don kada a hau a kashe shi. Ta taga ya gani. Ya ga kulki na farko ya sauka a ƙeyar ɗansa. Ya ga yaron ya ɗaga hannu yana son ya yi magana, sarƙa ta naɗe hannun. Ya ga taro ya rufe shi, ba a ganin komai sai sanduna suna hawa suna sauka. Ya riƙe ƙarfen tagar yana jijjigawa, yana kururuwa, "Ɗana ne! Ku bar shi, ni ne mai laifin! Ku zo ku kashe ni!" Muryar da dattawa ke yin tsit su saurara, ran nan ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba. Da jami'an tsaro suka iso suka watsa taron da hayaƙi mai sa hawaye, uwar da ta haifi Uwais ma ba za ta gane fuskarsa ba.

A kwanakin tafasar jini, wato kwana ukun farko da dangin mamaci ke huce fushinsu, aka ƙone gidan Abu Mijhim, aka ƙone na Ustaz, aka sare itatuwan zaitun da ubansu ya dasa. Mijhim ya miƙa kansa ga hukuma, yana kurkuku har yau. Aka yanke wa gidan jalwa, wato su tashi su bar garin, maza da mata da tsofaffi, aka loda su a motoci da rakiyar 'yan sanda zuwa wani gari a arewa. Kwaleji ta sallami Ustaz daga aiki. Dangin da ya sayar da lahirarsa dominsu suka ce shi ya lalata yaron. Uwais kuwa ya yi kwanaki a asibitin Amman bai farfaɗo ba, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Abu biyu suka rage wa Ustaz a duniya. Yana so ya sa ɗansa a kabari da hannunsa kusa da kakansa, yana kuma so ya san wanda ya kashe shi. Ya roƙi wani dattijo daga wata ƙabila ya ɗauke shi ƙarƙashin kariyarsa, ya kai shi zauren Abu Rakan, mahaifin wanda aka soke. Ba a saba yin haka ba tun jini bai bushe ba, amma ya nace har aka kai shi.

Zauren cike yake da masu ta'aziyya. Ba wanda ya miƙe masa. Aka zuba gahawa, domin ko maƙiyi ne ba a hana shi finjali. Ustaz ya karɓa, ya ajiye a ƙasa a gabansa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Abu Rakan ya gyara zama. Sannan ya ce, "Mun ji abin da yaronka ya yi wa ɗana. Allah ya jiƙansa, ba halinka ya ɗauko ba. Ka aiko mana da gawarsa, mu za mu sallace shi, mu kwantar da shi kusa da kakansa. Amma kai, mutumin da aka kai wa wuƙar nan ofis ya mayar da ita da hannunsa, ƙafarka ba za ta taka maƙabartar da Rakan ke kwance ba."

Ustaz ya ce, "To ku faɗa mini wanda ya buge shi. Ko sunansa ne kawai in sani."

Abu Rakan ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Faɗan taro ne, Ustaz. Ba a gane hannun kowa ba."

Ustaz ya sunkuyar da kai yana kallon finjalin, yana jira ko wani zai ji tausayinsa ya faɗi kalmomin nan da ya raba wa mutane kamar nasa ne. Ba wanda ya faɗa. Tururin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Can kusa da ƙofa wani tsoho mai kwat ɗin soja, wanda ya zo ta'aziyya kamar kowa, ya miƙe zai tafi. Da ya zo wucewa ta gabansa sai ya tsaya, ya dubi finjalin, ya ce a hankali, "Ta huce ko, Ustaz? Haka take yi."

Washegari aka binne Uwais. Hannun baƙi ne suka sa shi a ƙasa, ubansa yana zaune a cikin mota a wajen gari, bai ga ko makarar ba.

Mutumin nan yana raye. Na gan shi da idona a garin da aka kai su, yana zaune a ƙofar wani ɗakin haya, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana magana shi kaɗai. Maƙwabtansa sun ce in ana dafa gahawa a layin, sai ya toshe hanci ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan yana cewa waɗanda suka kashe Uwais sun yi daidai. Azzalumai ne, sun kashe rai marar laifi, kuma in kwamitin duniya bai gane hannunsu ba, akwai ranar da hannuwan da kansu za su yi magana. Amma ku tambayi kanku, wa ya koya wa yaran kwalejin nan cewa jinin wanda ba shi da dangi ruwa ne? Wa ya toshe bakin shaida da mari? Ustaz ya ɗauka kujerar tasa ce, yana kyauta da abin da ke kanta. Ashe haƙƙin Hammam ne yake zuba wa mutane a finjali.

Kai shugaban makaranta, kai mai kula da ɗakin kwana, kai da ke zaune a kwamitin ladabtarwa, 'ya'yan mutane amana ne a wuyanka. In ka tausaya wa mai laifi saboda kakansa, ka zalunci wanda aka cuta, ka kuma cuci shi mai laifin, domin da an kori Mijhim ranar da ya ɗaga ƙarfe, da bai kai ga ɗaga wuƙa ba. Ku kuma dattawa masu cika mota ku je roƙon a yafe wa ɗanku ta'asa, ku sani kuna da kaso a duk abin da ya aikata bayan nan. Ku kuma samari, in an kira ku taya faɗa, ku tsaya ku tambaya, don mai jini a hannu ba lallai shi ne ya yi sukan ba. In mutum ya zo muku shi kaɗai ya ajiye finjalinsa, ku ji tsoronsa fiye da tawaga, domin wanda ba shi da kowa Allah ne ke tsaya masa.

Allah ya jiƙan Rakan, ya jiƙan Uwais, ya saka wa Hammam da mahaifinsa. Allah kada ya jarrabe mu da kujerar da za ta fi ƙarfin imaninmu, kada ya sa son dangi ya rufe mana ido daga gaskiya, kada ya kama 'ya'yanmu da abin da hannuwanmu suka shuka. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu baki ɗaya. Amin.